Kalmar "Artificial" da Takwarorinta a Hausa: Waiwaye Daga Tashar Apapa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin kalmomin da kan wahalar da masu fassara daga Ingilishi zuwa Hausa akwai kalmar "artificial". Dalili kuwa shi ne Hausa ba ta da kalma guda da ta tattara dukkan ma'anoninta. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin ma'anonin kalmar, da nuna yadda Hausawa suka raɗa wa kayayyakin ƙirar ɗan'adam sunaye tun lokacin da suka fara shigowa ta Ikko.

2.0 Asalin Kalmar

Kalmar ta shiga Ingilishi a ƙarshen ƙarni na 14 ta hanyar Faransanci, amma tushenta Latin ne, daga "ars" (gwaninta) da "facere" (yi). Ke nan ma'anarta ta farko ita ce abin da aka yi da gwaninta, kuma ba ta ɗauke da wani aibi. Daga baya ta rarrabu gida uku: abin da mutum ya ƙera, kishiyar halitta, abin da aka yi don ya maye gurbin na asali, sai kuma halin da bai fito daga zuci ba. Larabci ya bi irin wannan hanya da tushen da ya bai wa Hausa "sana'a" da "masana'anta", sai dai Hausa ba ta fitar da sifa daga wannan tushe ba.

3.0 Apapa da Shigowar Sababbin Kayayyaki

Hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, kuma a 1926 aka kammala matsayar manyan jiragen ruwa ta farko a Apapa. Wannan ya sa gyaɗa da fatu suka riƙa gangarowa kudu, kayan masana'antun Turai kuma suna haurawa arewa. Fataken goro da suka zauna a Agege, da 'yan dako da dillalai da direbobin da ke hada-hada a bakin tashar, suna cikin waɗanda suka fara cin karo da waɗannan kayayyaki. Ba su jira wani kwamiti ba. Sunan da ya zo bakinsu shi ya bi kayan har kasuwar Kurmi. Idan aka duba sunayen, za a ga sun bi hanyoyi huɗu.

3.1 Roba

Hausa na da kalmar "danƙo" tun kafin zuwan Turawa, amma ta ari "roba" daga Ingilishi. Da kayan filastik suka yawaita bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai kalmar ta faɗaɗa ta haɗa da bokiti da kwano da buta. Daga nan ta sake tsallakawa zuwa ma'anar madadin abu na asali: ƙafar roba, haƙorin roba, furen roba, ko da kuwa ba da roba aka yi su ba. A Disambar 2016, lokacin da jami'an kwastan suka kama buhu 102 na wata shinkafa a Ikeja, nan take aka sa mata suna "shinkafar roba". Gwaji ya nuna ba filastik ba ce, gurɓatacciya ce kawai, amma sunan ya riga ya zauna.

3.2 Jabu

Masana da dama na danganta wannan kalma da ƙasar Ijebu, wadda ta yi ƙaurin suna wajen buga kuɗin ƙarya a zamanin mulkin mallaka. An kafa Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma a 1912, kuma bayan da aka maye sulallan azurfa da na gaurayen ƙarfe a 1920, kwaikwayonsu ya ƙara sauƙi. Kalmar ta tashi daga kuɗi ta koma kan magani da takardar shaida da kayan gyaran mota. Bambancinta da "roba" a fili yake: mai sayen furen roba ya san abin da ya saya, amma mai karɓar jabu cutarsa aka yi.

3.3 Zamani da Bature

Hanya ta uku ita ce jingina abu ga lokacinsa ko ga wanda ya kawo shi. "Takin zamani", wanda ya bazu sosai bayan shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Janar Obasanjo a 1976, kishiyar takin gargajiya ne na dabbobi. Haka nan ake cewa kajin Turawa da maganin Bature. A nan Bahaushe bai damu da yadda aka yi abin ba. Abin da ya lura da shi shi ne baƙuncinsa.

3.4 Ɗan'adam

Bayan da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik a 1957, kafofin watsa labarai na Hausa suka daidaita a kan "tauraron ɗan'adam". Wannan ita ce fassarar da ta fi kusa da ma'anar asali, domin ta raba halittar Ubangiji da ƙirar bawa, rabon da yake da nauyi a tunanin Bahaushe.

Ma'ana ta uku kuwa, wato ta hali, Hausa ba ta bukaci aro ba. Murmushin da bai kai zuci ba "yaƙe" ne, ladabin da ba na gaskiya ba kuma "na ganin ido" ne.

4.0 Matsalar "Ƙirƙira"

John McCarthy da abokan aikinsa suka fito da sunan "artificial intelligence" a takardar da suka rubuta a 1955 don taron Dartmouth na 1956 a Amurka. Da fasahar ta iso ga jama'a, 'yan jarida suka fassara ta da "ƙirƙirarriyar basira". Fassarar ta karɓu, amma tana da rauni. A Hausa "ƙirƙira" na nufin fito da sabon abu, tana kuma nufin ƙaga ƙarya, kamar a "ƙirƙirarren labari". Mai sauraro na iya ɗauka basirar ta bogi ce, alhali abin nufi shi ne basirar da aka gina a na'ura.

Kuskure irin wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan malamin asibiti ya gaya wa majiyyaci za a sa masa ƙafar jabu, ko malamin gona ya kira iri ingantacce "na roba", to an kori mutane daga abin da zai amfane su.

5.0 Kammalawa

Tarihin waɗannan kalmomi ya nuna cewa Hausa ta rarrabe abin da Ingilishi ya cure wuri guda: ta ware kayan da aka yi abu da shi, da niyyar mai yinsa, da inda ya fito, da wanda ya ƙera shi. Saboda haka bai kamata masu tsara ƙamus da keɓaɓɓun kalmomi su tilasta wa harshen kalma guda ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a tantance ma'anar da ake nufi a kowane muhalli, sannan a tattara yadda Hausawan Apapa da Agege da sauran zangon fatake ke kiran sababbin kaya, domin a bakinsu ne yawancin sunayen ke fara gwada ƙarfinsu.