Gidan Gona da Sharaɗinsa a Kwarin Binuwai

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Garwa ta nufi Ngaundere, ya wuce Ngong, zai ga ƙauyuka jere a gefen titi, bukkokinsu da rumbunansu kewaye da gonakin auduga da masara da gyaɗa, har ya zaci mutanen nan a nan aka binne cibiyar kakanninsu. Alhali kuwa mafi yawansu ba su kai shekara hamsin da sauka ba. In ya tsaya ya tambayi wani maigida ko zai sayar masa da gidan da gonar da ke bayansa, amsar da zai ji ita ce bukka tasa ce, rumbu nasa ne, abin da ke cikin rumbun ma nasa ne, amma ƙasa tana da mai ita. Zamansa a kanta yana rataye da sharaɗi, watau ya nome ta, ya kuma fitar da hakkin da ke kanta kowace kaka, ranar da ya daina kuwa jauro, watau sarkin ƙauye, yana da ikon ya nuna wa wani.

Turawan Ingila suna da wani abu mai kama da wannan, ko da yake asalinsa dabam ne. Tun da suka yi dokar tsara birane da karkara a 1947 suka tsananta ba da izinin gina gida a tsakiyar gonaki, sai fa ga wanda aikin gona ya wajabta masa kwana kusa da dabbobinsa ko shukarsa. Irin wannan gida kuwa akan ɗaura masa sharaɗin kada kowa ya zauna cikinsa sai mai noma, ko wanda ya tsufa a kan noma, da iyalinsa. Gidan yana sayuwa, amma sharaɗin yana binsa hannu zuwa hannu, saboda haka kuɗinsa kan faɗi ƙasa da na gidan da ba shi da wannan ƙaidi. Su can hukuma ta rubuta sharaɗin don ta tsare karkara daga mutanen birni. A kwarin Binuwai kuwa sharaɗin ya girmi rubutun hukuma da nisa, kuma tarihinsa shi ne tarihin wanda ya mallaki wuyan talaka a kowane zamani.

Asalin mas'alar yana cikin littattafan fiƙihu, a babin rayar da mataccen wuri. Fuƙaha'un mazhabar Malikiyya sun tafi a kan cewa wanda ya sare daji, ko ya haƙa rijiya, ko ya yi gini ko dashe a wurin da ba na kowa ba, ya keɓanta da shi. In wurin yana kusa da gari sai da iznin shugaba, in ya yi nisa ba ya bukatar izni. Sa'an nan suka ƙara wani hukunci wanda ya fi shafar zancenmu, cewa in mai rayarwa ya bar wurin har alamun aikinsa suka shuɗe, lokaci ya yi tsawo, wani ya zo ya sake raya shi, to na biyun ne mai shi. An ruwaito kuma cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya karɓe daga hannun Bilal ɗan Harisu abin da ya kasa nomawa daga cikin kwarin Aƙiƙ da aka yanka masa, ya raba wa Musulmi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi musamman a kan dalilan keɓanta da matattun ƙasashe, mai suna Ta'alimur Radi, domin sarakunan jihadi su san iyakar ikonsu. Ƙasar da aka ci da yaƙi kuwa malamai sun ɗauke ta waƙafi ce ga jama'a, shugaba wakili ne kawai mai rabon amfaninta. Manufar duka ita ce kada ƙasa ta kwanta banza a hannun mai ƙarfi alhali mabukaci yana neman inda zai sa fartanya, kuma ban san wani mai adalci da zai yi jayayya da wannan manufa ba.

Da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu wajen 1809, ya kuma zaunar da mulkinsa a Yola a 1841, arɗo-arɗon Fulani da suka yi masa mubaya'a suka zama lamiɓe, watau sarakuna, kowa da ƙasarsa: Rai Buba, Bibemi, Cebowa, da Garwa wadda ta fara a matsayin ribaɗi a ƙasar Fali da Bata. Lamiɗo ya rarraba ƙasa ga lawanai, lawan ya danƙa wa jaurawa, jauro kuma shi ne mai nuna wa baƙo inda zai kafa bukka da inda zai sare. Amma wakilcin da malamai suka faɗa bai daɗe ba ya koma mallaka, domin manyan fada sun cika kwarin da rumde, irin ƙauyen bayi da mu Hausawa muke kira rinji, inda bawa yake da ɗaki da ɗan abin da zai shuka wa kansa matuƙar yana fita gandun ubangijinsa. Bature matafiyi Barth, wanda ya iso mahaɗar Binuwai da Faro a watan Yuni na 1851, ya ba da labarin yawan bayin da manyan Adamawa suka tara a irin waɗannan ƙauyuka. Har yau kuma unguwar da babban filin ƙwallon Garwa yake sunanta Rumde Ajiya. Wannan shi ne gidan gona mai sharaɗi a mafi munin kamanninsa, domin mai zama cikinsa ba shi da ikon ya ƙi sharaɗin, ba shi kuma da ikon ya tashi.

Zakka ma ta sauya hali a wannan tafiya. Shari'a ta ce ushiri ne na abin da ruwan sama ya shayar, ana karɓa daga Musulmi in amfaninsa ya kai nisabi, a ba waɗanda Alƙur'ani ya ambata; amma sannu a hankali sai ta zama damin da kowane manomi yake kai wa fada, Musulmi ne ko ba Musulmi ba, ya kai nisabi ko bai kai ba, don shaida cewa ƙasar da yake kai ba tasa ba ce.

A zamanin Turawa kuwa, Jamusawa sun ayyana tun 1896 cewa duk ƙasar da ba ta da mai ita ta Sarkin Jamus ce, suka ci Garwa a 1901 da Marwa a farkon 1902. Ingilishi da Faransawa suka fitar da su daga Garwa a 1915, ƙasar ta faɗa hannun Faransa. Jamusawa da Faransawa duka sun ga ya fi musu sauƙi su yi mulki ta hannun lamiɓe, saboda haka dokokinsu na ƙasa ba su cika wuce bakin tashar jirgin ruwa da unguwar Turawa ba. Abin da ya shiga karkara da gaske shi ne auduga, wadda kamfanin Faransa na CFDT ya fara yaɗawa daga Kaele a farkon shekarun 1950, kafin SODECOTON ta gaje shi a 1974, ta kafa hedkwatarta a Garwa.

Shekarar 1974 ɗin nan ita ce mararrabar wannan tarihi. Ranar 6 ga Yuli gwamnatin Ahmadu Ahijo, wanda shi kansa haifaffen Garwa ne, ta fitar da dokokin ƙasa, inda ta ce duk filin da ba shi da takardar mallaka ya shiga taskar al'umma, gwamnati ce mai kula da shi, kuma sayar da filin da ba a yi wa rajista da sunan mai sayarwa ba ɓatacce ne. Aka buɗe ƙofa biyu ga mai son takarda. Wanda yake zaune a wuri ko yake nomansa tun kafin 5 ga Agusta 1974 yana iya neman takarda kai tsaye. Wanda ya zo bayan haka sai ya nemi a ba shi aron wurin na lokacin da bai wuce shekara biyar ba, bisa alkawarin zai raya shi, in ya cika a tabbatar masa. Mai duba cikawar kuwa kwamiti ne wanda sufurefe, watau jami'in gwamnati mai mulkin yankin, yake shugabanta, sarkin ƙauye da dattawansa biyu suna ciki. Ga tsohon hukuncin rayarwa ya dawo cikin harshen Faransanci, sai dai yanzu yana tafe da safiyo da hatimi da kuɗin mota zuwa ofis, waɗanda mai fartanya ba ya iyawa.

A daidai wannan lokaci ne kuma gwamnati, da taimakon asusun raya ƙasa na Turai, ta buɗe shirin Arewa maso Gabashin Binuwai, don ta kwaso mutane daga inda ƙasa ta yi musu kaɗan ta zuba su inda daji ya yi yawa. A duwatsun Mandara, inda ƙabilar Mafa suka shekara aru-aru suna jera duwatsu suna tare ƙasa a kan gangare, akwai wuraren da mutum fiye da ɗari suke zaune a kan murabba'in kilomita ɗaya, ga kuma farin waɗancan shekarun ya gigita ƙabilun Tupuri da Giziga da Mundang a filayen Kaele da Diyamare. Aka kawo su cikin manyan motoci, aka haƙa rijiyoyi, aka fasa hanyoyi, aka ba su abinci kafin su girbe na farko. Daga 1978 aka ƙara wani shirin a Kudu maso Gabas, wajen Tuboro. Da kuma Sinawa suka gama madatsar Lagdo a 1982 sai masunta da masu noman rani suka biyo, bayansu kuma dubban da ba wanda ya ɗauko su, suka zo da ƙafarsu wurin ’yan'uwansu. To, a lura da kwanan watan da doka ta yanke: kusan duk waɗannan bayin Allah sun sauka ne bayan 5 ga Agusta 1974, watau gwamnatin da ta ɗauko su ita ce ta rufe musu ƙofar farko tun kafin su sauke kayansu.

Sai baƙo ya wayi gari da iyayengiji uku a kansa. Gwamnati ta ce ƙasa tata ce, lamiɗo ya ce tun kafin a san gwamnati kakansa ya ci ta da takobi, kamfani kuma shi ke riƙe da iri da taki da maganin ƙwari, waɗanda yake bayarwa bashi ga wanda ya auna kadadarsa ya shuka auduga. Wanda ya sami gona ta hanyar aro ko haya ba a yarda ya dasa mangwaro ko darbejiya a cikinta ba, domin itace shaidar zama ne. Wanda bai tabbata baɗi gonar tana hannunsa ba kuwa ba zai wahalar da jakinsa da kai mata taki ba. In kuma ƙasa ta gaji ya so ya bar ta saura ta huta, sai a ce ya daina nomawa, a ba wani. Ta haka sharaɗin da aka kafa don raya ƙasa ya zama sanadin kashe ta, mutane suna cinye wuri su matsa gaba, har suka shiga burtalin makiyaya da iyakokin gandun dajin Binuwai da na Buba Njida, waɗanda aka mai da wuraren tsaron namun daji. Yawancin rigingimun manoma da Mbororo a wannan yanki daga nan suka samo tushe. Can a Yagwa da Maga ma, inda hukumar SEMRY take raba filayen shinkafa tun shekarun 1970, manomi bai mallaki fegin da aka ba shi ba, in ya kasa biyan kuɗin ruwa da huɗa akan karɓe.

Abin da ya fi ci mini rai a cikin al'amarin shi ne sharaɗin nan yana da haƙora a kan mai rauni kaɗai. Attajirin Garwa ko babban ma'aikaci, wanda ya san hanyar fada ya kuma san hanyar ofis, yana iya samun fili mai faɗi a bakin hanyar Pitowa ko ta Ngong, ya kafa turaku, ya dasa ’yan itatuwa da ɗaki guda don kwamiti ya gani, ya karɓi takardarsa; daga ranar nan kuwa ko ya noma ko bai noma ba, ba jauron da zai taɓa shi, wani lokaci ma mutanen da suka sare dajin da hannunsu su ne za su koma biyansa haya. Hukuncin da Sayyidina Umar ya zartar a kan sahabi mai daraja ba a ganin mai zartar da shi a kan irin waɗannan. Ni kam ina ganin sharaɗin noma gaskiya ne, ya kamata a riƙe shi, amma ya hau kan mai takarda kamar yadda ya hau kan mai bukka, wanda kuma ya cika shi shekara ashirin ko talatin ya cancanci a bar masa wurin ya gadar wa ’ya'yansa.

A watan Disamba na 2005 an sassauta hanyar neman takardar mallaka, aka sauko da ita daga Yawunde zuwa larduna, amma ba a taɓa ranar 5 ga Agusta ba. Talakawa kuwa ba su zauna jira ba. A ƙauyukan baƙi yanzu ana cinikin gonaki da gidajen gona, ana jinginar da su, ana rubuta yarjejeniya a kan takardar littafin makaranta, shaidu su sa hannu, jauro ko lawan ya buga hatimi ya karɓi rabonsa. Sau da yawa akan rubuta cewa abin da aka biya ladan saran daji ne da kuɗin bukka, don a kauce wa faɗin an sayar da ƙasa. Dokar 1974 ba ta san wannan takarda ba, amma ita ake fitowa da ita a gaban jauro, wani lokaci har gaban sufurefe, ranar da magada suka taso ko wani ya zo da turakunsa.