Kwafin da ya ceci aikin shekara biyu

Tun da kwamfuta da wayar hannu suka shigo gidajenmu, mun mayar da su akwatin ajiya: makin jarrabawa, takardun shirya darasi, hoton takardar haihuwar yaro, hotunan suna da na biki. Duk lokacin da na tambayi abokan aiki ko suna da wani kwafi na waɗannan abubuwa, amsar da na fi ji ita ce: "Ai na saka a kile." Shi ya sa nake so in kawo mana labarai biyu daga tarihin kwamfuta, don mu ga abin da ya cancanci a kira shi kwafin ajiya.

A shekarar 1998, kamfanin Pixar da ke jihar Kalifoniya ta Amurka yana tsakiyar haɗa fim ɗin zanen yara mai suna Toy Story 2. Ma'aikata da dama suna aiki a kan babbar na'ura guda wadda ke riƙe da dukan fayilolin fim ɗin. Wata rana sai wani ya ba na'urar umarnin sharewa a inda bai kamata ba. Oren Jacob, ɗaya daga cikin shugabannin sashen fasaha, yana kallon allo ya ga sassan ɗan kaboyin nan Woody suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin a cire wa na'urar wuta, kusan kashi 90 cikin 100 na aikin ya tafi. Aikin kusan shekara biyu ke nan.

Da farko hankalinsu bai tashi sosai ba, domin kamfanin yana naɗe kwafi a kan kaset. Sai da suka dawo da kwafin suka ci gaba da aiki sannan suka gano ba cikakke ba ne. Tsarin naɗiyar ba ya ɗaukar abin da ya wuce giga 4, fim ɗin kuwa ya daɗe da zarce haka, kuma ba wanda ya lura. Suna da kwafi a suna, amma ba su gwada shi sun ga ko yana aiki ba.

Mafita ta zo daga gidan wata mai jego. Galyn Susman, shugabar fasaha ta fim ɗin, ba ta daɗe da haihuwa ba, don haka tana yin wani ɓangare na aikinta a gida, kuma ana tura mata kwafin fim ɗin lokaci-lokaci. Ita da Jacob suka je suka naɗe kwamfutar da barguna, suka ɗaure ta da bel a kujerar mota, suka taho a hankali. Kwafin nata ya yi kamar mako biyu, amma da shi aka farfaɗo da mafi yawan abin da ya ɓace. Daga baya an sake rubuta labarin fim ɗin sosai saboda wasu dalilai, ya fito a watan Nuwamba na 1999.

Labari na biyu ya faru a Faransa. A daren 9 zuwa 10 ga Maris na 2021, gobara ta tashi a cibiyar ajiyar bayanai ta kamfanin OVH a birnin Strasbourg. Gini guda ya ƙone ƙurmus, wani ya ƙone a wani sashe, shafukan intanet miliyoyi suka tsaya. Waɗanda ke da kwafi a wani gari sun tayar da shafukansu. Waɗanda kwafinsu ke nan wuri ɗaya da asalin, wasunsu sun rasa duka biyun a dare guda.

Abin da na fahimta daga nan shi ne, kwafi ba ya zama kwafi sai ya cika sharuɗɗa uku: a gwada shi, ya zauna nesa da asalin, kuma a riƙa sabunta shi. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa wata ƙa'ida a shekarun 2000 da ake kira 3-2-1: abu ya kasance a wuri uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen gida. Tun 2011 ma an ware ranar 31 ga Maris don tunatar da mutane wannan aiki.

Mu a nan ba mu rasa abin da zai cinye mana fayil ba. Akwai zafin bazara da ƙurar hunturu da ke gajiyar da na'ura, akwai ɗaukewar wuta da dawowarta da ƙarfi, akwai ruwan damina da ke shiga ɗaki, ga ɓarawon waya a kasuwa, ga birus da kile ke kwasowa a wurin buga takardu. Kilen da ke cikin jaka ɗaya da kwamfuta, tare za a sace su. Saƙon da ke WhatsApp kuwa, in ba a kunna ajiyarsa ba, yana iya tafiya tare da wayar.

Abin yi bai fi ƙarfinmu ba. A tara muhimman takardu a jaka guda cikin kwamfuta. A zaɓi rana ɗaya a mako, misali Alhamis da yamma, a kwafe su a kile ko diskin waje. Waɗanda ba su da nauyi, irin su jerin maki da takardun shaida, a tura su ta imel ko a sa su a Google Drive, wanda ke ba da giga 15 kyauta. Kile na biyu a bar shi a ofishin makaranta ko gidan ɗan'uwa. A ƙarshen kowane wata a buɗe kwafin a wata na'ura, a duba fayil biyu ko uku a tabbata suna buɗuwa. Makin ƙarshen zango kuma a buga shi a takarda.

Iyaye, ku zauna da ƴaƴanku da ke jami'a ku tambaye su inda kwafin kundin bincikensu yake, ku ce su buɗe ku gani. Malamai, mu ɗauki minti goma a aji mu ba ɗalibai labarin Galyn Susman. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya kiyaye mu da asara.