Kagarai da Hasumiyoyin Urushalima a Zamanin Littafi Mai Tsarki

Sa'ad da muke karanta labarin Urushalima a Littafi Mai Tsarki, mukan ci karo da kalmomi uku: garu, hasumiya da kagara. Garu shi ne ganuwar da ta kewaye birni. Hasumiya doguwar gini ce a jikin garu, inda masu tsaro suke hango abokan gaba tun daga nesa. Kagara kuwa ita ce wuri mafi ƙarfi a cikin birnin, mazaunin sojoji, kuma mafakar ƙarshe idan garu ya faɗi. A nan za mu bi waɗannan gine-gine daga zamanin Dawuda zuwa na manzanni.

Yadda birnin yake

Urushalima tana kan tuddai, wajen mita 750 sama da teku. Kwarin Kidron ya tsare ta daga gabas, Kwarin Hinnom kuma daga kudu da yamma. Arewa ce kaɗai ba ta da kwari mai zurfi, saboda haka ta nan mayaƙa suka fi zuwa, a nan ne kuma aka fi gina hasumiyoyi. Matsala ta biyu ita ce ruwa. Maɓuɓɓugar Gihon, wadda tsohon birnin ya dogara da ita, tana can ƙasa a Kwarin Kidron. Duk sarkin da yake so ya tsare Urushalima, dole ya kula da arewa, ya kuma kula da ruwa.

Kagarar Sihiyona da Millo

Kagara ta fari da muka sani ta Yebusiyawa ce. Tana kan wani siririn tudu kudu da inda aka gina Haikali daga baya. Mutanen Yahuza da na Biliyaminu sun kasa korar mazaunanta (Yoshuwa 15:63, Littafin Mahukunta 1:21). Yebusiyawa sun amince da ita har suka yi wa Dawuda ba'a cewa ko makafi da guragu ma sun isa su hana shi shiga. Amma wajen shekara ta 1000 kafin haihuwar Almasihu (K.H.) Dawuda ya ci ta, Yowab ne kuma ya fara hawa (2 Sama'ila 5:6-9, 1 Tarihi 11:4-8). Daga nan aka kira ta Birnin Dawuda. Ashe, asalin sunan Sihiyona na wannan kagara ne, kafin ya koma sunan dutsen Haikali da na birnin gaba ɗaya.

Tare da kagarar ana ambaton Millo. Kalmar ta fito ne daga Ibrananci, tana da ma'anar ciko. Masana da yawa suna ganin dakali ne bisa dakali na duwatsu da ƙasa da aka yi don a tallafi gine-ginen da suke bakin gangare. Masu tonon kayan tarihi sun sami irin wannan gini a gabashin Birnin Dawuda. Sulemanu ya gina Millo da aikin tilas (1 Sarakuna 9:15), a cikin wannan aiki ne kuma ya lura da ƙwazon Yerobowam, mutumin da daga baya ya raba mulkin (1 Sarakuna 11:27-28).

Sarakunan Yahuza

Bayan rabuwar mulki, Yehowash sarkin Isra'ila ya ci Amaziya da yaƙi, ya rushe kamu 400 na garun, daga Ƙofar Ifraimu zuwa Ƙofar Kusurwa (2 Sarakuna 14:13). Uzziya ɗan Amaziya ya gina hasumiyoyi, ya ɗora na'urorin harba kibau da manyan duwatsu a kansu (2 Tarihi 26:9, 15). Yotam da Manassa sun ƙarfafa Ofel, wato tudun da yake tsakanin Birnin Dawuda da Haikali.

Babban aiki shi ne na Hezekiya, da ya ji Assuriyawa suna tafe. Ya gyara garu, ya ƙara wani a waje, ya ƙarfafa Millo (2 Tarihi 32:5). A shekara ta 1970 Nahman Avigad ya tono wani sashe na garu mai kaurin mita 7, wanda aka gina a kan rusassun gidaje. Wannan ya yi daidai da abin da Ishaya 22:10 ya faɗa, cewa an rushe gidaje don a ƙarfafa garu. Hezekiya ya kuma haƙa hanyar ruwa a cikin dutse, mai tsawon mita 533, daga Gihon zuwa tafkin Siluwam (2 Sarakuna 20:20). A 1880 aka gano rubutu a jikin dutsen, mai ba da labarin yadda mahaƙa suka taso daga gefe biyu suka haɗu a tsakiya.

A 701 K.H. Sennakerib ya zo. A cikin nasa rubutun ya yi fahariyar cin birane 46 masu garu na Yahuza, amma bai ce ya ci Urushalima ba. Littafi Mai Tsarki ya ba da dalili: Hezekiya ya yi addu'a, mala'ikan Ubangiji kuma ya kashe mutum 185,000 a sansanin Assuriyawa (2 Sarakuna 19:35). Annabi Ishaya bai tsauta wa mutanen don sun yi gini ba. Laifinsu shi ne sun kula da makamai da tafki, ba su dubi Allah wanda ya shirya abin tun da daɗewa ba (Ishaya 22:11).

Rushewa da sake gini

Kuɓutar nan ta sa jikokinsu suka ɗauka cewa birnin ba zai taɓa faɗuwa ba, tun da Haikali yana cikinsa. Irmiya ya gargaɗe su (Irmiya 7:1-15), ba su ji ba. Wajen 586 K.H., bayan yunwa ta gama da birnin, sojojin Nebukadnezzar suka fasa garu, suka ƙone Haikali, suka rushe ganuwar kewaye (2 Sarakuna 25:1-10).

Wajen 445 K.H. Nehemiya ya sami izinin sarkin Farisa, aka gama garun cikin kwana 52 (Nehemiya 6:15). An fara aikin daga arewa, wajen Ƙofar Tumaki, da Hasumiyar Ɗari, da Hasumiyar Hananel. Akwai kuma kagara kusa da Haikali, wadda shugabanta shi ne Hananiya, mutumin da aka yaba masa saboda aminci da tsoron Allah (Nehemiya 2:8, 7:2).

Tsakanin Alkawari biyu

Wajen 168 K.H. Antiyokus na Huɗu ya gina wata kagara mai suna Akra, ya zuba sojojinsa a ciki. Wannan ba don tsaron birnin aka yi ta ba, sai don a danne mutanensa. Ta zama ƙaya a jikin Yahudawa har 141 K.H., lokacin da Siman na gidan Makabiyawa ya karɓe ta. Zuriyarsa suka riƙe wata kagara arewa da Haikali mai suna Baris.

Kagaran Hirudus

Hirudus Mai Girma ya sake gina kagarar arewa maso yammacin Haikali, ya sa mata suna Antoniya don girmama Markus Antoniyus. Marubucin tarihi Yosifus ya ce tana da hasumiyoyi huɗu, uku masu tsayin kamu 50, ɗaya kuma kamu 70, daga kanta ana ganin filin Haikali duka. A nan sojojin Roma suke zaune, suna sa ido musamman a lokacin idi. Shi ya sa suka iso da sauri sa'ad da taro ya kama Bulus. A kan matakalar wannan bariki ya tsaya ya yi wa jama'a magana, daga nan kuma aka fitar da shi da dare zuwa Kaisariya da rakiyar sojoji 470 (Ayyukan Manzanni 21:31-40, 23:23).

A yammacin birni Hirudus ya gina fadarsa da hasumiyoyi uku: Fasayel, Hifikus da Mariyamne. Al'adar ikilisiya ta daɗe tana cewa a Antoniya Bilatus ya yi wa Yesu shari'a, amma masana da yawa a yau sun fi karkata ga fadar Hirudus, domin a can gwamnoni suke sauka.

Yesu ya yi kuka saboda birnin, ya faɗa cewa maƙiya za su kewaye shi (Luka 19:41-44). A shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu, Titus ya fasa garuka daga arewa, ya ci Antoniya ya rushe ta, Haikali kuma ya ƙone. Hasumiyoyin Hirudus uku ya bari a tsaye.

Abin da ya rage a yau

'Yan'uwanmu masu zuwa ziyara Urushalima su lura da wannan: garun da ya kewaye Tsohon Birni yanzu, Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya ne ya gina shi wajen 1537 zuwa 1541. Birnin Dawuda na asali yana wajensa, ta kudu. Ginin da ake kira Hasumiyar Dawuda kusa da Ƙofar Yafa ba Dawuda ya gina shi ba, gindinsa na ɗaya daga hasumiyoyin Hirudus ne.

Abin da muke koya

Littafi Mai Tsarki bai koya mana sakaci ba. Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa masu tsaro dare da rana (Nehemiya 4:9). Amma Yebusiyawa, da mutanen zamanin Irmiya, da na zamanin Titus, duk suna da garu mai ƙarfi, bai kuwa cece su ba. Zabura 127:1 ta koya mana cewa tsaron mai gadi banza ne in ba Ubangiji ne yake tsaron birnin ba. Dawuda, wanda ya ci kagarar Sihiyona ya zauna a cikinta, Ubangiji ya kira kagararsa (Zabura 18:2). Mu ma, a kwanakin da tsaro yake damun iyalanmu da ikilisiyoyinmu, sai mu yi tsaron da ya wajaba, zuciyarmu kuma ta dogara ga Allah.