Naman Kaza Mai Siffar Murjani

Wannan halitta dangi ce ga abin da muke kira lemar kwaɗi, sai dai ita ba ta da lema. Takan fito ne da ƙananan rassa a tsaitsaye, cunkus, kamar murjani tun yana cikin teku kafin a sarrafa shi ya zama abin wuya. Tsawonta bai cika wuce santimita 15 ba. Akwai fara, akwai rawaya, akwai mai jaja-jajan kai. An fi samunta a ƙasan dazuzzukan Turai da Arewacin Amurka da Sin da Japan, galibi daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da ƙasa ke da damshi.

Abin da ido ke gani a sama 'ya'ya ne kawai. Ainihin jikin wasu siraran zarurruka ne da ke ƙarƙashin ƙasa. Waɗansu nau'o'in ruɓaɓɓen itace suke ci, da yawa kuwa sukan manne da saiwar bishiya, su taimaka mata da ruwa da sinadaran ƙasa, ita kuma ta ba su abinci.

Babban gidansu shi ne wanda masana ke kira Ramaria, mai nau'i kimanin 200. A kasuwannin Meziko da na lardin Yunnan a ƙasar Sin ana sayar da waɗansu don ci. To amma kama da wane ba ta wane. Ramaria botrytis ana cinsa, Ramaria formosa kuwa, duk da kyan ganinsa, yana jawo ciwon ciki da gudawa. Idan sun tsufa launinsu ya koɗe, ko gwani yakan rikice wajen rarrabe su.

Wanda ya fi dacewa makiyaya da malaman dabbobi su san labarinsa shi ne Ramaria flavo-brunnescens, na kudancin Barazil da Yurugwai. Yakan tsiro a gonakin itacen turare, irin wanda ake dasawa a nan domin kare kwararowar hamada. Saniyar da ta ci shi takan riƙa dalalar da miyau, harshenta ya sulɓe har kiwo ya gagare ta, gashin jelarta ya zube, wani lokaci ma kofato da kuben ƙaho su kwaɓe. Tumaki ma ba su tsira ba, kuma da dama daga dabbobin da suka kamu sukan mutu. Babu maganin da ke karya dafin, don haka makiyayan can sukan janye garkensu daga gonakin turare a watannin da yake fitowa, wato daga Fabrairu zuwa Yuni.