Kifin yaudara mai nutsewa: yadda ake kama giwan ruwa da tsage da shi

Kifin yaudara ɗan kifi ne da ake ƙerawa da katako ko roba, a maƙala masa ƙugiyoyi masu baki uku a ciki da wutsiya. Da Faransanci ana ce masa poisson-nageur. Akwai mai yawo a saman ruwa, akwai kuma mai nutsewa, wanda aka sa wa nauyi a ciki. Amfanin mai nutsewa shi ne, masunci ne ke zaɓar zurfin da zai kai shi.

Asalinsa

A shekarar 1936 wani masunci ɗan ƙasar Finlan, Lauri Rapala, ya sassaƙa nasa na farko, bayan ya lura cewa manyan kifaye sun fi kai wa ƙaramin kifi mai rauni hari. A 1965 kamfaninsa ya fito da samfurin CountDown, mai nutsewa kimanin santimita 30 a kowace daƙiƙa. A Amurka ana yawan kama kifin bas da irinsa. A ruwayenmu kuwa, daga kogin Kwara da Binuwai zuwa Tafkin Chadi, giwan ruwa da tsage ne abokan karawarsa.

Yadda ake aiki da shi

A gaban kifin akwai ɗan leɓe. Idan ana jan zare, ruwa na bugun leɓen, sai kifin ya riƙa karkaɗawa kamar mai ciwo. Babban kifi na jin wannan motsi ta jijiyar da ke gefen jikinsa, ko da ruwan ya gurɓace.

Da zarar ka jefa ya faɗa ruwa, sai ka fara ƙirga. Ƙirga goma, wajen mita uku ke nan. Daga nan ka riƙa naɗe zare a hankali, kana ɗan fizgawa kana dakatawa, domin sau da yawa a lokacin dakatawar ake kawo hari. In ba a taɓa ba, ƙara biyu a jifa na gaba. In an taɓa, riƙe wannan lissafin, don nan kifin yake.

Kowane kifi da halinsa

Giwan ruwa kan laɓe a gindin duwatsu da kututturan da ruwa ya shanye, kuma ta fi farauta da asuba da almuru. Tana iya wuce kilo 100, saboda haka tana buƙatar zare mai ƙwari da ƙugiyar da ba ta miƙewa. Tsage ya fi son inda ruwa ke gudu, kuma ja da sauri ne ke tsokano shi. Haƙoransa na yanke zare nan take, don haka sai an ɗaura guntuwar waya tsakanin zare da kifin yaudara. Kogin Faro na arewacin Kamaru ya yi suna da waɗannan kifaye biyu.

Abin kiyayewa

Mai nutsewa ya fi kowane iri saurin maƙalewa a ƙasan ruwa, kuma ba shi da arha. A wurin da ba ka sani ba, fara da gajeren ƙirge. Cire ƙugiya da filaya, kada ka kai yatsa bakin tsage. Dokar su ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka wanda ya tsallaka iyaka ya nemi izinin hukuma da na sarkin ruwa kafin ya jefa fatsa. Ƙaramar giwan ruwa kuma a mayar da ita, ta girma ta hayayyafa.