Wane suna za a ba mai gadin bayanai?

A Funtua in ka ce ana neman ma'aikacin tsaro, ɗan banga za a kawo maka, ko mai gadin sito. Yankin da aka katse wa layukan waya a Satumban 2021 saboda 'yan bindiga, har da Malumfashi da Bakori, dole kalmar tsaro ta riƙa tuna masa da bindiga. Shi ya sa "tsaron intanet" bai zauna daram a kunnen manomi ba.

"Data" kuwa ta riga ta yi miji: ita ce wadda ake saye a loda a waya, ta ƙare. Sai masu fassara suka koma ga "bayanai". Abin da ake nufi sananne ne: lambar BVN da Babban Banki ya fito da ita a 2014, da NIN da aka tilasta haɗawa da layin waya tun Disamban 2020. Manomin auduga da ya nemi rancen Anchor Borrowers ya miƙa BVN ɗinsa ga shugaban ƙungiyar manoma da wakilin banki, kowa ya kwafa a littafinsa.

Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta wajabta wa manyan masu riƙe bayanan jama'a naɗa jami'in da zai kula da su. Daga nan guraben aikin suka ƙaru, kuma a ganina tsoron tara ya fi tausayin manomi ƙarfi a ciki.

Wasu na cewa a kira jami'in nan "jami'in sirri". Ban gamsu ba. Bahaushe ba ya ɗaukar lambar wayarsa sirri, ga ta nan a rubuce a ƙofar shago. Amana ta fi dacewa, don abu ne da ka damƙa wa wani saboda wata buƙata, ba ka yarda ya kai shi wani wuri ba.

Sunan ɓarawon bayanan ma da sauran magana. Jaridu na cewa "masu kutse", alhali wanda ke kwashe kuɗin masarar manomi ba ya kutsawa ko'ina. Waya yake bugowa da Hausa tsantsa, ya ce daga banki yake, a karanto masa lambar da aka turo. Ɗan damfara ke nan, kuma bankin da ya ɗauki gwanin kwamfuta wanda ba ya iya tsayawa a kasuwar Bakori ya yi wa manoma bayani bai tare wannan ƙofar ba.