YAUSHE ZAMANIN TURAWA YA FARA A ƘASAR RANO?

Wata gardama ce ta tashi tsakanin 'yan makaranta biyu, ɗaya mutumin Rano, ɗaya mutumin Kibiya, har ta iso gare ni. Malaminsu ya tambaye su shekarar da zamanin Turawa ya fara a ƙasarsu. Na Rano ya ce 1900, gama haka ya gani a littafi. Na Kibiya ya ce 1903. Kowa ya kafe a kan tasa. To, ku matso, samari, mu bi maganar a hankali, don tana da zurfi fiye da yadda suka zata.

Mai cewa 1900 yana da hujja. Ran 1 ga Janairu na shekaran nan ne Gwamna Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, ya ce ƙasashen Arewa sun shiga hannun Sarauniya. Amma fa a takarda ne. A ran nan Sarkin Kano Alu yana zaune a gidan Rumfa, jakadu suna zuwa Rano karɓar kuɗin ƙasa da zakka kamar kullum, ana ciniki da wuri, ana sayar da bayi a kasuwa. Abin da ke hana manomin Kibiya barci a lokacin nan shi ne Ningawa. Tun zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi suke fitowa daga duwatsunsu suna kai hari kudancin Kano, su kwashe mutane da dabbobi. Shi ya sa kowane gari ya riƙe ganuwarsa da kyau, mutane ba su son yin nisa da ita. Ga kuma Basasa, wadda aka gama a 1895: a Takai Yusufawa suka yi sansani, a Garko Yusufu ya rasu, duk maƙwabtan Kibiya ne. Wanda ke cikin wannan hali, ina ruwansa da tutar Lakwaja?

Mai cewa 1903 ya fi kusa da gaskiya. A ƙarshen Janairu Kanar Molan ya taso daga Zariya da soja fiye da 700, yawancinsu baƙaƙen fata. Da suka iso Bebeji, yamma da Rano, aka rufe musu ƙofa, suka fasa ta da igwa, sarkin garin ya rasu a wurin. Ran 3 ga Fabrairu suka shiga Kano, Sarki Alu kuwa yana can wajen Sakkwato. Daga baya Lugga ya naɗa Abbas. Malaman zaure ba su ma san da 1903 ba, su a lissafinsu shekara ta 1320 ce ta Hijira. In an tambaye ku a jarrabawa, ku rubuta 1903, za ku ci.

Amma ni abin da nake tambaya shi ne, yaushe talaka ya ji a jikinsa duniya ta sāke? Sarkin Rano dai yana nan kan gadonsa, gadon da ake lissafawa cikin Hausa Bakwai. Alƙali yana nan, liman yana nan. Sauyin ya zo ne kaɗan kaɗan, kamar ruwan da ke jiƙa katanga. Na fari ma ya riga cin Kano, gama a 1902 ne Turawa suka kai Ningi, mulkin Ɗan Yaya ya ƙare. Da hari ya ɗauke, mutane suka soma fita bayan ganuwa suna saran daji suna kafa ƙauyuka. Sa'an nan Razdan Kagil, wanda Kanawa suka laƙaba wa Mai Gunduma, ya yanka ƙasa gunduma gunduma, aka ce hakimai su bar birni, kowa ya zauna cikin talakawansa. A 1909 aka kafa Baitulmali a Kano, a shekaran nan kuma Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa. Haraji ya koma na sule da kwabo, wuri ya soma mutuwa.

Ni dai da za a bar mini zaɓi, 1912 zan ɗauka. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suka sa wa rai, don masaƙun Ingila. Manoma suka duba, suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, ba ta gajiyar da ƙasa, kuma in kasuwa ta faɗi ana iya cinta. Fatake da suka saba zuwa Gwanja ɗaukar goro suka juya suna bin ƙauyuka suna ba da kuɗi da gishiri da tufafi, a biya su da gyaɗa in kaka ta yi. Alhasan Ɗantata, wanda ya fi kowa suna a wannan ciniki, a Bebejin nan aka haife shi, watau garin da aka fasa wa ƙofa. Daga nan abin da manomin Rano zai samu a kaka ya rataya ga farashin da ake yankewa a Ingila, ƙasar da bai taɓa gani ba. Bai daɗe ba kuwa ya ɗanɗana ɗacin abin. Damina ta ƙi a 1913, haraji kuma ba ya jira, a 1914 aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba, mutane masu yawa suka halaka.

Tsofaffi ma da irin waɗannan suke ƙidaya. Su kan ce an haifi wane shekarar zuwan jirgi, wance ta yi aure bayan Marisuwa, watau murar da ta kashe mutane a 1918.

Ba wannan ne karo na fari da littafi ya riga ƙasar nan ba. Kun karanta an fara Jihadi a 1804, amma Sarkin Kano Alwali bai faɗi ba sai wajen 1807, da ya gudo ta Rano, aka kewaye shi a Burumburum aka kashe shi.

Saura ƙarshen zamanin. Nan yaran biyu suka haɗa baki suka ce ran 1 ga Oktoba 1960. Haka ne, a ran nan aka sauke tuta. Amma En'e ta ci gaba da mulkin karkara har 1976, da aka kawo ƙananan hukumomi. Fam da sule ba su kau ba sai 1973. Dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace bayan farin 1973 da cutar da ta lalata gyaɗa a 1975. Haraji da jangali kuwa, dagatai da masu unguwa sun yi ta binsu gida gida a Rano da Kibiya har 1979, sa'ad da Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a Jihar Kano, shekara 19 ke nan bayan tafiyar Gwamnan Turawa.